Hazo Mai Jin Magana

"Yanar ta dawo!" Baba ya damƙi kafaɗata.

Kwana uku ke nan da cire masa yanar ido. Kwamfutata ya leƙo, inda na shafe mako ina daidaita hazo a dajin wani wasa, don itatuwan nesa su riƙa dushewa a hankali.

"Baba, ba idonka ba ne. Ni na zuba shi."

Na rage hazon zuwa sifili. Daji ya washe tas, har ganyen bishiyar ƙarshe.

Ya fashe da dariya, ya jawo kujera.

"Shekara shida hazo na wahalar da ni, ashe ke yake tsoro! Mayar da shi, 'yar nan. So nake in ga kin sake korar sa."