Kirim Mai Jin Kunya

Kwano na bakwai ma ya koma man shanu.

Mai gyaran agogo ya leƙa ciki, ya girgiza kai kamar likitan da ya saba ganin irin wannan ciwo. Maƙwabciyarsa na tsaye gefe da maburgi a hannu, fuskarta abar tausayi.

"Kin yi magana kina bugu," ya ce. "Kirim yana da kunya."

"Wayyo. Ban sani ba, Malam."

Shi ma bai sani ba. Yanzun nan ya ƙirƙiro.

A matattakalar bene abin ya faro. Shekara guda ba abin da ke haɗa su sai "sannu da dawowa", ta wuce shi da ƙamshin toyayyen sukari a mayafinta, shi kuma ya kai ƙofarsa ya rasa inda ya sa makulli. Ran nan sai ta tsaya.

"Maƙwabci, ka iya buga kirim?"

Ya ce sosai ma. Sai da ya shiga ɗaki ya duba waya ya gane ba na shafawa take nufi ba. Wanda ake ɗorawa kan kek ne, fari, mai laushi kamar gajimare.

Tun daga nan duk Asabar da hantsi yake ba da darasi a kicin ɗinta, gwaggonta na zaune bakin ƙofa tana saƙa. Dokokinsa kullum ƙaruwa suke. Ba a bugu da takalmi a ƙafa. Yadda hannun agogo ke tafiya, haka ake juyawa. Ita kuwa ɗaliba ce da Allah bai yi irinta ba: yau ta ɗumama kwanon da ya kamata a sanyaya, wani makon ta zuba gishiri a madadin sukari, ta ba shi haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Duk gidan benen man shanu ya ishe su. Mai gadi har ɓuya yake in ya hango ta da kwano.

Sau ɗaya tak aka dace, ranar da shi ya karɓi maburgin. Ta ba shi baya tana wanke-wanke, cokali ya suɓuce mata, ya firgita ya tsaya cak. Ga kirim ya miƙe da tsini. Ya kasa maimaitawa.

Gwaggo ta dubi kwano na bakwai, ta ajiye saƙarta.

"Ɗan nan, na gaji. Asabar mai zuwa babanta zai zo. Ka buga masa kirim da hannunka. In kirim ɗin ya tsaya, ka ci gaba da shigowa. In ya kwanta, gaisuwar matattakala ta ishe ku."

Ranar Laraba ya rufe shago da agogunan mutane a ciki, ya hau mota har can ƙarshen gari, inda aka ce akwai makarantar koyon kek. Ya sa hula ya janyo ta har gira, ya zaɓi teburin baya, ya fuskanci bango.

Ɗalibai sai raɗa suke. Wai Malama ba ta duba kwano, da kunne take gane kirim. Wai ko tana wani ɗakin, in ka ƙara bugu ɗaya za ta ji. Wai ba ta taɓa ɓata kirim ko cikin cokali guda ba.

Aka ajiye masa kwano mai sanyi. Ya zare takalmansa a ɓoye, don ya fara yarda da dokokin nasa, ya kama bugu. Madarar ta yi kumfa, ta fara kauri, ta fara riƙe maburgin. Gumi ya karyo masa. Yanzu ne? Ko da saura?

Ƙofa ta buɗe a bayansa. Wani taku ya zo ya tsaya daidai kafaɗarsa, da ƙamshin toyayyen sukari.

"Tsaya haka, maƙwabci," in ji Malama. "Yau ba ni da cokalin yarwa."