Yuraniyom Ɗin Kuramochi

Na'urar gano tartsatsin nukiliya ta fara ƙyas-ƙyas tun kafin Kuramochi ya gama sunkuyawa kan gangar.

Shekara da shekaru yana shugabancin masu auna kaya a tashar jiragen ruwa, ko ƙusa mai guba bai taɓa kamawa ba. Ga shi ana ta raɗe-raɗin ya tsufa, a sallame shi, sai yuraniyom, makamashin bam ɗin nukiliya, ta kawo kanta har gida.

Ƙa'idar aikin tsohuwa ce. Na ƙasa ke sammako su ƙirga tartsatsin da ke yawo a iska kafin shugaba ya iso. Awon kaya kuwa sai shugaba da hannunsa, tunda hatiminsa ake bugawa. In ƙirgen kaya ya zarce na iska fiye da abin da za a ce katari ne, akwai magana. Wannan ba zarcewa ya yi ba, tsalle ya yi.

"Maigida, kawo in maimaita, ka huta," in ji mataimakiyarsa Shiori. "Jiya ma ba ka zo ba."

"Kamun kifi na je. Yarinya, ina auna ganguna kina shan nono."

Washegari ƙirgen ya ragu. Wanshekare ya ƙara raguwa. Yuraniyom kuwa ba ta ramewa, tattaɓa-kunnenka zai same ta yadda ka bar ta. Ashe wani na yagar ta kaɗan-kaɗan! Kuramochi ya kira 'yan sanda da 'yan jarida, ya sa aka tiso ƙeyar mai gangar, tsohuwa Hirabayashi mai sayar da gwangwan.

"Kai tsohon banza, fasassun tukwanen shinkafa ne!" in ji ta.

Aka janye kowa baya, har da shi. Masu rigar kariya suka auna, shiru. Suka buɗe: tukwane.

Kuramochi ya fizge na'urar a fusace, ta ɓarke da ihu. Ya ja da baya, ba ta daina ba. Ya kai bakin ƙofa, tana yi.

Wani ɗan sanda ya karɓe ta, ya rusuna, ya ɗora masa a ƙirji, inda ruwa mai tartsatsin nukiliya da likita ya ɗura masa a ɓoye don ɗaukar hoton zuciya, ranar da ya ce ya je kamun kifi, ke ci gaba da hucewa.