Liman da Sahunsa

Babana “liman” yake kiran ɗan wasan da ke jefa ƙwallo a ƙwallon Amurka, wai don 'yan sahunsa sukan duƙa kamar masu ruku'u, ba mai motsi sai ya ɗaga murya.

Wata Lahadi bayan la'asar, ƙanensa Kawu Sani ya zo gidanmu a unguwar Longsight daga birnin Birmingham, ya kunna wasan a talabijin. Baba ya dawo daga aikinsa na asibiti ke nan, ko safa bai cire ba. A shekarar aka rage musu ma'aikata. Ina jingine da shi ina shaƙar warin maganin wanke hannu a rigarsa.

“Yaya, limamin nan naku ya ƙare,” in ji Kawu. “Dubi yadda ake ta maka shi da ƙasa! A sallame shi, a haɗa da kocin.”

Da can, Baba kan ja wannan musu har shayi ya huce. Ran nan ko kai bai ɗaga ba.

“Sani, liman komai iyawarsa, in aka zare masa mutanen sahu, ƙasa zai sha. Sannan a ce shi ne bai iya ba.”

Kawu ya yi dariya ya ci gaba da lissafo laifuffukan kocin. Kafin ya gama, Baba ya yi barci a zaune.

Na daɗe ina zaton zancen ƙwallo yake yi. Yanzu da ni ma nake dawowa gida daga aikin asibiti da warin nan a rigata, in na ga an kayar da liman, giɓin da ke sahu nake dubawa.