Tsarabar Lofoten

An sare bishiyar ƙofar gida. An fitar da kujerun falo, gadon asibiti ya maye gurbinsu. Ɗakin Fatihu ya zama ma'ajiyar keken guragu da kwalayen magani. Tayyiba, ƙanwar da ya bari tana kuka a kan aikin makaranta, yanzu ita ke tuƙa motar gidan, ita ke sa-in-sa da likitoci. Mama ta yi furfura har a gira. Jiragen saman da ke tashi daga filin Dulles ne kaɗai ba su canza ba, suna nan suna ruri a saman garin Sterling kamar da.

Tayyiba ce ta zaga da shi ɗaki-ɗaki, da sauri. Shi dai kallo yake yi. Sun bi ta kicin, tukunya na tururi a kan wuta, ya ja numfashi ko zai ji ƙanshin miyar Mama. Bai ji komai ba sai sanyin na'ura.

Shekara shida rabonsa da gidan nan. Tayyiba a nan aka haife ta, shi kuwa goyo aka kawo shi daga Kano, kuma ranar da ya girmi takardun zaman ƙasa na Baba aka ce ya fita ya nemi nasa. Bai yi kuka ba, dama ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Ya tafi Norway da sunan karatu, karatun bai yi nisa ba jakar goyo ta ƙwace shi. Ya wanke kwanuka a jirgin ruwan da ke ratsa fiyod, wato tsagar teku da ke kutsawa tsakanin duwatsu har mutum ya ji kansa kamar ƙwaro. Ya tsinki tuffa a gangaren tsaunuka. Daga baya ya yada zango a tsibiran Lofoten, inda ake rataye kifi bibbiyu a kan katako, iskar teku ta busar da shi har ya yi tauri kamar itace.

Duk Sallah sai Baba ya kira. "To, ɗan yawo, yaushe?"

"Bayan wannan kakar, Baba."

"Kana rataye kifi da hannunka, ni kuma ina zuwa Silver Spring ina saye a shago. Wannan wace irin haihuwa ce?"

Sai su yi dariya, a rabu a haka. Kaka ta bi kaka.

Da Tayyiba ta aiko cewa ɓarin jikin Baba ya shanye, Fatihu bai yi shawara da kowa ba. Ya samu bizar ziyara da ƙyar, ya ajiye aiki, ya mayar da mukullin ɗaki, ya raba kayan sanyinsa ga abokan aiki. Ya zaɓi kifi mafi girma daga cikin wanda ya rataya da kansa, ya naɗe a riga, ya cusa a jaka. Tikitin zuwa kawai ya saya. A ransa yawo ya ƙare.

Yanzu ga shi ga Baba. Malam Hashimu, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, wanda direbobin manyan motoci ke gane muryarsa kafin ya faɗi suna, yana kwance baki a karkace, yana kokawa da kalma ɗaya.

"Ma… tso."

Fatihu ya sunkuyo da fuska iya iyawarsa. "Na matso, Baba."

Hannun da ke da rai ya ɗago a hankali, yatsa ya miƙo saitin goshinsa, inda Baba ya saba dungurinsa tun yana yaro. Fatihu ya rufe ido yana jira. Bai ji taɓin ba.

"Tun safe na ɗora miya saboda kifin nan," in ji Mama daga bayan gado. Ba ta kalle shi ba. "Ko loma ɗaya ba za ka yi ba ke nan."

"Mama, ba ni da yadda zan yi."

"Yaya, kai ma dai!" Tayyiba ta faɗa da ƙaramar murya, don kada Baba ya ji. "An ce maka har yaushe za ka zauna, ba sai ka ce sati biyu ba? Kowa haka yake cewa."

"Cewa na yi sai Baba ya tashi."

"To ai shi ne ya ja mana."

Mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa da yatsa. Ba mugu ba ne, ya ma yi haƙuri fiye da yadda ya yi alkawari. Fatihu ya jawo jakar goyo da hannu ɗaya, ya ja igiyar bakinta. Wutsiyar kifin ta leƙo, ya tura ta ciki.

Baba ya ga igiyar jaka ta hau kafaɗa. Ya san wannan motsin sarai. Idonsa ya cicciko.

"Kul… lum… tafiya."

Fatihu ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga Tayyiba tana girgiza kai. Bayanin ya fi ƙarfin mara lafiya. Sai kawai ya ce, "Ka yafe mini, Baba." Fuskar Baba ta tsaya cak, ta motsa, ta sake tsayawa.

Jami'in shige da ficen da ke bakin ƙofar ya miƙo hannu. Fatihu ya katse kiran bidiyon, ya kashe wayar ya ba shi, ya tashi daga kujerar ƙarfen da ya wuni a kai, ya bi bayansa zuwa jirgin da zai mayar da shi Oslo tunda an hana shi shiga ƙasar, alhali daga wannan ɗaki na filin jirgin Dulles zuwa gadon Baba ko shayi ba ya hucewa a hanya.