Sammacin Gonar Taba

Sau uku mai kai sammaci yana hawa benen da ke kan shagon aski, sau uku yana tarar da ƙofa a kulle. Da ya leƙa ta taga, tebur ɗaya ya gani, ko kujera babu. Wai nan ne ofishin kamfanin da ya sayi kason wani magaji a gonar su Odessa Pettiford.

Eka arba'in ce a kudancin jihar Virginia ta Amurka, ta taba da masara. Kakan mijinta ya mutu bai raba ba, ta zauna ta dangi duka. Yanzu kamfanin ya roƙi kotu a yi gwanjonta gaba ɗaya, har da gangaren da aka binne mijinta. Odessa ta shigar da tata ƙarar don a tsayar, alƙali ya ce ba zai saurare ta ba sai sammaci ya isa ga kamfanin. Saura kwana goma sha biyu.

Lauyanta ya ce da sauran hanya. A kai takardar hukumar rajistar kamfanoni ta jiha, su za su aika ta gidan waya zuwa adireshin da mai kamfanin ya bayar ranar rajista. Su kuwa ba sa karɓar lambar akwatin gidan waya, sai gida mai ƙofa.

Lucius, ɗanta na fari, wanda ya dawo gabanta tun da matarsa ta kore shi, shi ya tuƙa ta zuwa hukumar a babban birni. Ya yi ta zagin kamfanin a hanya, daga baya ya koma cewa asarar mai ce kawai, irin waɗannan ba a kama su.

"Kai dai tuƙa," ta ce. "Ban tambaye ka ba."

Tun daga ranar ya zama ɗa nagari. Kullum ƙarfe goma yana bakin titi yana jiran motar wasiƙu, wai don ya hutar da gwiwoyinta. Mutumin da ko shara ba ya kwashewa. Kwana huɗu, biyar, lauya bai ji komai ba. Odessa ta daina cin abincin kirki, sai kofi.

Ran Asabar Verna mai wasiƙu ta yi sammako, akwai jana'iza a cocinsu. Lucius yana banɗaki yana wanka. Ta iske tsohuwar a baranda tana ɓarar wake, ta miƙa mata ambulan mai hatimin hukuma, tana tsokanarta ko saurayi ta yi a babban birni. Ta ce sai an sa hannu.

Odessa ta goge hannu a zaninta, ta ja alamarta a takardar. Ba ta yi makaranta ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗa ba.

"Karanta min, 'yar nan."

Verna ta duba, dariyar ta ɗauke. A banɗaki, ƙarar ruwa ta tsaya.

"Sunan kamfanin nan ne, Mama," ta ce a hankali. "A ƙasa an rubuta a miƙa wa mai shi, Lucius Pettiford."