Baitin da Kubura Ta Bari

Lukuman ya kasa zama a zauren Malam Yero. Ayarin Zugurma da zai bi na ta ɗaure kaya, shi kuwa yana jiran Kubura, 'yar malamin, wadda ya aika wa waƙar neman aure.

Ta fito ta miƙa masa takardarsa, ko ɗago ido ba ta yi ba. Ya ɗauka mayar masa da waƙar ta yi.

"Duba mana, Malam Lukuman," in ji ta.

Ashe tahamisi ta yi wa waƙar: a saman kowane baiti nasa ta ƙara ɗango uku da hannunta. Na ƙarshe kaɗai ta bari, inda ya roƙe ta.

"Wannan fa?" Ya nuna mata baitin da yatsa.

"Wannan ba da tawada ake amsa shi ba. Ka turo magabatanka wajen Baba, ko ka bi ayarinka."