Tukunyar Gas Sabuwa Dal

"Mama, kar ki ƙyasta ashanar nan!"

Ta tsaya cak da tsinken ashana a hannu. A kusurwar kicin, tukunyar gas ce mai shuɗin fenti sai sheƙi take yi. Tun daga bakin ƙofa ya gane ta. Shi ya sayo ta a wurin 'yan gwangwan, ya liƙe ramin da tsatsa ta ci a gindinta, ya fesa mata fenti, ya ɗora hotonta a waya ya rubuta: Sabuwa dal, daga kamfani.

"Kai Auta, lafiya? Ka faɗo mana kamar an koro ka."

"Wane ɗan damfara ne ya haɗa ki da wannan?"

"Ɗan damfara?" Ta yi dariya. "Tallarka na gani a wayar yayarka. Na aiki maƙwabciyarmu ta sayo min a shagonka, don na san in ni na je ba za ka karɓi kuɗina ba. Ba kai ka ce sabuwa ce ba?"

Warin gas ya fara taɓa masa hanci. Ya banke taga, ya rungumi tukunyar, ya kai ta can ƙarshen tsakar gida.

Da ya dawo, ya tarar ta ajiye ashanar, dariyar ta bar fuskarta.

"Ni dai Allah ya jefo min kai a kan lokaci," ta ce a hankali. "Sauran da ka sayar fa, a kicin ɗin uwar wa suke?"